Shekara 10 da fitowar To Pimp a Butterfly: masu sharhi sun ji shi da gaske kafin su yabe shi?

Baffa Mai Kaset:
Assalamu alaikum 'yan zaure. A watan nan na Maris 2025 kundin mawaƙin gambarar Amurka Kendrick Lamar mai suna To Pimp a Butterfly ya cika shekara 10 da fitowa. Kwana biyu ke nan ina juya shi a shago, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan.

Masu tunawa sun san ranar 23 ga Maris 2015 aka sa zai fito. Sai ga shi daren Lahadi 15 ga wata ya faɗo iTunes da Spotify, saura kwana 8 a kai ranar. Har mai kamfanin Top Dawg da Kendrick ke ƙarƙashinsa a lokacin, Anthony Tiffith, ya hau Twitter yana faɗa, yana cewa kamfanin Interscope masu rarraba kundin ne suka ɓata masa shiri. Waƙa 16 ce a ciki, kusan minti 79. Ranar farko kaɗai an saurare shi sau miliyan 9.6 a Spotify, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. Makon farko ya sayar da kwafi 324,000, ya hau na ɗaya a Amurka, ya hau na ɗaya a Ingila.

Ni dai ranar da na fara jin sa bai shige ni ba. Na zo da kunnen kundinsa na baya, good kid, m.A.A.d city, sai na tarar da busa da fiyano da mutum yana zuba magana kamar an biyo shi. Kwana uku na goge shi daga waya. Sai da aka shekara biyu na koma masa, kuma yau ba ni da kundin da na fi ƙauna. To amma su masu sharhi, kafin mako ya zagayo sun gama yanke hukunci. Shafin sharhin waƙa na Pitchfork ya ba shi 9.3 cikin 10. Da Metacritic ta tattara makin jaridu sai ya tashi 96 cikin 100. Abin da ya ɗauke ni shekara biyu, yaya mutum zai gane shi cikin 'yan kwanaki? Sun ji shi ne da gaske, ko kowa tsoro yake a ce shi ne bai gane ba?

Ɗan Fagge:
Wa'alaikumus salam Baffa. Allah ya biya ka, ka faɗi abin da mutane ke ɓoyewa. Kundin nan girmama shi ake yi, amma ba a jin sa. Ka tambayi duk mai rantsuwa da shi yaushe rabon da ya kunna shi daga farko har ƙarshe. Waƙa ai don kunne aka yi ta. good kid labarin yini ɗaya ne a Compton, garinsu Kendrick a California, yaro ya ari motar uwarsa ya fita, kana bin sa kamar kana kallon fim, kuma kowace waƙa za ka iya ciro ta ka ji ta ita kaɗai. Wannan kuwa sai ka zauna kamar mai shirin jarrabawa. Ko kundinsa DAMN. na 2017 ya fi shi shiga jiki, shi ya sa makon farko ya yi 603,000.

Sadiƙ Situdiyo:
Ɗan Fagge, ƙaramin gyara. 603,000 ɗin nan an haɗa da lissafin sauraro ta intanet. In haka za a ƙirga, na 2015 ɗin 363,000 ya yi. DAMN. ya fi shi kasuwa, babu musu, amma a auna su da mudu ɗaya.

Ɗan Fagge:
Na karɓi gyara. Ko da mudun naka dai an bar shi a baya.

Sadiƙ Situdiyo:
Baffa, ni ina ganin amsar tambayarka tana cikin kiɗan. Ka tuna abin da ake ji a 2015. Tirap ne ya cika ko'ina, su Future da Fetty Wap, kuma wata ɗaya kafin nan Drake ya saki nasa ba tare da sanarwa ba. Duk kiɗan kwamfuta ne. Ni da shi nake cin abinci, ban raina shi ba. Amma Kendrick makaɗa masu hannu ya tara ya zuba su a situdiyo: Thundercat a gitar bas, Terrace Martin da Kamasi Washington a busa, Robert Glasper a fiyano. A waƙar farko ma George Clinton ya ɗauko, dattijon da Dr. Dre ya yi ta ɗibar kiɗansa na fank tun farkon shekarun 1990. Waƙar nan ta biyu da ta kore ka, For Free?, jaz ce zalla, Terrace Martin ya haɗa ta.

Mu da muka tashi da kiɗan kwamfuta sai da muka koyi jin irin wannan. Shi kuwa mai sharhin da ya girma a gidan da ake sa Miles Davis da Parliament, daga bugun farko ya san dangin kiɗan. Hanyar da kai ka shiga a matsayin baƙo, shi unguwarsu ce. Saboda haka ban ga mamaki ba don ya riga ka isa.

Kuma makaɗa ma sun shaida. A watan Mayun shekarar Kamasi ya fitar da The Epic, jaz na kusan awa uku, samari da yawa suka bi shi don sun ga sunansa a nan. Tony Visconti, wanda ya haɗa wa David Bowie kundinsa na ƙarshe, ya faɗa da bakinsa cewa Kendrick suke ta saurare lokacin da suke aikin.

Maman Ilham:
Sannunku da hira. Ni kiɗan bai dame ni ba. Akwai wuri ɗaya da nake ganin masu sharhi sun wuce da sauri, kuma shekara 10 ke nan yana ci mini rai.

The Blacker the Berry. Baiti uku ya yi yana zayyana ƙiyayyar da ake yi wa baƙar fata, murya a shaƙe don fushi, ga Assassin ɗan Jamaika yana amshi, tsigar jikinka har tashi take. Sai a layin ƙarshe ya juya ya tambayi kansa dalilin da ya sa ya yi kukan Trayvon Martin, alhali faɗan daba ya sa shi ma ya kashe baƙi ɗan'uwansa. Trayvon yaro ne ɗan shekara 17 da aka harbe a Florida a 2012, ba ya ɗauke da makami. Kuma kafin waƙar ta fito, a watan Janairun 2015, mujallar Billboard ta tambaye shi kan Ferguson, garin da ɗan sanda ya harbe baƙin saurayi Michael Brown. Ya ce abin da aka yi wa Michael Brown bai kamata ya faru ba, amma ya ƙara da cewa in ba su mutunta kansu ba yaya za su sa ran a mutunta su. Mawaƙiya Azealia Banks ta yi masa kaca-kaca a Twitter, kuma ni a wannan gaɓar ina bayanta.

Ka je gidan makoki, uwa tana kukan ɗanta, ka ce mata ai ku ma kuna kashe junanku? Ko gaskiya ce, tana da wurin faɗa. Ina zargin wasu daga cikin masu yabon sun ji daɗin layin nan ne don ya sauke musu kaya.

Malam Sabo:
Hajiya, maganarki tana da nauyi, amma ki duba yadda aka gina waƙar. Kowane baiti da kiran kansa munafuki yake buɗe shi, tun kafin mai sauraro ya san dalili. Yatsan a ƙirjinsa ya ɗora. Yaron nan a Compton ya tashi, tsakanin ƙungiyoyin daba na Bloods da Crips, ya binne abokai waɗanda ba ɗan sanda ne ya kashe su ba. In ya yi shiru a kan wannan ya yi kukan ɗayan kaɗai, shi a ganinsa ya ci amanar gawarwakin da ya sani. Maganar cikin gida ce, aka ji ta a kasuwa.

Maman Ilham:
Malam, ai shi ya kai ta kasuwar. Ya san su waye masu saye.

Malam Sabo:
Wannan kam ba zan musa miki ba.

Direban Tasi:
Salamu alaikum. Daga Amurka nake, yanzu na tashi aiki na tarar da hirar ta yi nisa. Ku ba ni dama in faɗi abin da idona ya gani.

Na zo ƙasar nan a 2013. A gida ni ɗan Zango ne, an san ubana, an san kakana. Sai da na zo nan na san ni baƙi ne. Ku duba jerin abin da ya faru. Yulin 2014 aka shaƙe Eric Garner a New York. Agusta aka harbe Michael Brown. Nuwamba aka harbe Tamir Rice a Cleveland, ɗan shekara 12. Kundin ya fito a Maris, wata guda bayan nan Freddie Gray ya mutu a Baltimore bayan an ɗauke shi a motar 'yan sanda. A watan Yuni wani saurayi farar fata ya shiga coci a Charleston ya kashe mutum 9. A cikin wannan hali wani dare aka tsayar da ni saboda fitilar baya. Na ɗora hannu biyu a kan sitiyari, babu addu'ar da ban karanta ba. Bai yi mini komai ba, takarda ya ba ni ya tafi, amma na fi minti goma ban iya tada mota ba.

To a wannan bazarar duk inda na ɗauki samari baƙaƙe, Alright suke so in sa musu. Pharrell ya yi kiɗan, amshin kuma abu ɗaya yake maimaitawa, cewa za mu tsira. A watan Yuli a Cleveland, bayan wani taron masu fafutuka, 'yan sanda suka kama wani yaro suka fesa wa jama'a barkono, sai mutane suka tsaya a titi suna rera amshin nan. Bidiyon ya zagaya duniya. Baffa, waɗannan mutanen ba Pitchfork suka karanta ba.

Kuma kada a ɗauka kowa ya yaba. Da Kendrick ya rera waƙar a bikin BET a watan Yuni, yana tsaye a kan motar 'yan sanda, Geraldo Rivera ya fito a Fox News ya ce a 'yan shekarun nan hip-hop ya fi wariyar launin fata yi wa matasan baƙar fata illa. Kendrick ya ɗauki muryar tasa ya saka a DAMN. kowa ya ji.

Maman Ilham, maganarki kuma, na ji an yi wannan gardamar a bayan motata ya fi a ƙirga. Su kansu baƙaƙen nan kansu a rabe yake a kanta har yau.

Baffa Mai Kaset:
Allah ya tsare, ya dawo mana da kai lafiya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ustaz Kabiru:
Amin. Ni ba ma'abocin waƙa ba ne, ƙanena ne ya matsa mini na ji guda ɗaya da ya ce Obama ya zaɓa a matsayin wadda ya fi so a 2015, How Much a Dollar Cost. Labarin mabaraci ne da ya tare shi a gidan mai a Afirka ta Kudu yana roƙon rand 10, wato kusan dala ɗaya. Ya hana shi, ya ɗauka ɗan ƙwaya ne, ya yi ta kafa wa kansa hujja. A ƙarshe mabaracin ya ce shi ne Ubangiji, kuma wannan dala ɗaya ta jawo masa asarar Aljanna.

Dole in faɗa, a aƙidarmu Allah ba ya zuwa a siffar mutum, tsarki ya tabbata gare Shi. Shi Kirista ne, da fahimtarsa ya rubuta. Amma na tuna hadisin ƙudusi na Abu Huraira a Sahihu Muslim, inda ranar ƙiyama Allah zai ce wa ɗan Adam Ya nemi ya ciyar da Shi bai ciyar ba, bawan ya ce yaya zan ciyar da Ubangijin talikai, sai a ce masa bawaNa wane ya roƙe ka abinci ka hana shi. Bambancin a bayyane yake, amma tsoratarwar na gane ta. Abin da ya hana ni ci gaba da sauran kundin shi ne ashar da batsa. Ban ga abin da suka ƙara ba.

Sadiƙ Situdiyo:
Ustaz, a kan ashar ba ni da ta cewa, akwai ta da yawa. Wanda ya rufe waccan waƙar da ka ji kuwa Ronald Isley ne, yana neman gafara a madadinsa.

Malam Sabo:
Bari in koma kan tambayar Baffa, don har yanzu ba a amsa ta kai tsaye ba.

Da farko sunan. Butterfly, wato malam-buɗe-littafi, shi ne mai baiwa da ya fito daga tsutsa, kalmar Pimp kuma kawalci take nufi. Wato yadda kamfanoni da kuɗi da ita kanta Amurka ke ci da gumin baƙin yaron da Allah ya ba basira. Waƙar farko da sunan Wesley Snipes aka yi ta, jarumin da aka ɗaure kan haraji. Akwai kuma wata Lucy da ke bin sa tana yi masa alkawarin gida da mota, Iblis ke nan. A 2014 ya je Afirka ta Kudu, ya shiga ɗakin da aka tsare Mandela a tsibirin Robben, ya dawo da wani tunani daban, shi ne ya zuba a nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne wata rubutacciyar waƙa da yake karantawa guntu-guntu. A ƙarshen wata waƙar kundin ya karanta layi ɗaya, can gaba ya sake farowa ya ƙara kaɗan, kowane ƙari kuma shi ke buɗe ƙofar abin da ke tafe. Sai a ta ƙarshe, Mortal Man, ya karanta ta duka, sannan ka gane ashe Tupac yake karanta wa. Sun samo hirar da wani ɗan jaridar rediyo na Suwidin ya yi da Tupac a 1994, Kendrick ya saka nasa tambayoyin a gurbin na ɗan jaridar. Tupac ya rasu a Satumban 1996, lokacin Kendrick yana shekara 9. A ƙarshe ya tambaye shi ra'ayinsa, ya kira sunansa, shiru. A nan kundin ya ƙare. Da ma sunan farko da ya so sa masa Tu Pimp a Caterpillar ne, don haruffan su ba da sunan Tupac.

To irin wannan gini ba a gane shi a ji biyu ko uku. Saboda haka na yarda da kai, Baffa, wasu sun yi gaggawa. Jarida tana tsere da 'yar'uwarta, kundi ya faɗo ba shiri, edita yana jira. Wasu abin da suka hango suka yaba, ba su kai ga taɓa shi ba. Sai dai hukuncin bai rushe ba da aka huce. A ƙarshen shekarar Rolling Stone da Pitchfork da Billboard duk shi suka sa na ɗaya, haka ma ƙuri'ar Pazz & Jop da ɗaruruwan masu sharhi ke jefawa, kuma wannan bayan wata tara ana jin sa ne. A 2020 da Rolling Stone ta sake jera kundaye 500 mafiya daraja, shi ne na 19. Mutum yana iya yin gaggawa kuma ya dace.

Ɗan Fagge:
Malam, duk wannan bayanin naka shi ne hujjata. Kundin da sai malami ya zauna ya warware maka kafin ka ji daɗinsa. Kuma in ya kai haka, me ya sa Grammy ta 2016 ta ba Taylor Swift kundin shekara?

Malam Sabo:
Ɗana, kada ka kafa hujja da Grammy. An sa sunansa a takara sau 11, saura ɗaya ya kamo Michael Jackson mai 12 a 1984. Ya ci 5, har da kundin gambara mafi kyau, amma babbar aka ba 1989, kundin Taylor Swift. Kuma su ne a 2014 suka tsallake good kid ɗin da kake yabo suka ba Macklemore, har shi Macklemore ya tura masa saƙo cewa ƙwace ya yi masa, ya kuma wallafa saƙon duniya ta gani. In ka yarda da hukuncinsu a kan wannan, sai ka yarda da shi a kan naka. Da kwamitin Pulitzer ya ba DAMN. kyauta a 2018, karon farko da aka ba waƙar da ba kilasik ko jaz ba, ni a zuciyata bashin 2015 suka biya.

Ɗan Fagge:
To na ajiye Grammy. Amma tunda an zo wurin, wasan da ya yi a daren nan ni bai yi mini ba. Fitowarsa cikin sarƙa da kayan fursuna ta yi ma'ana. Da aka zo Afirka kuma sai ƙatuwar wuta da masu rawa da fenti a jiki, a ƙarshe taswirar nahiyar an rubuta Compton a tsakiya. Masu sharhi can suka yi ta tafi. Mu da ke zaune a cikin taswirar fa? Ya je ƙasa ɗaya ya yi 'yan kwanaki, shi ke nan ya ga Afirka?

Direban Tasi:
Ƙanena, na fahimce ka, ni ma da haka nake gani. Amma mutumin da aka raba kakanninsa da garinsu da sunansu da harshensu, taswirar ce kawai ta rage masa. Kai kana iya cewa Fagge. Shi Kunta Kinte, bawan nan na littafin Roots, kaɗai yake da shi, shi ya sa ya yi waƙa da sunansa.

Maman Ilham:
Don kada a ce suka kawai na kawo, akwai wadda nake sa wa 'ya'yana mata, Complexion. Kan launin fata take, cewa fari da baƙi a cikinsu duk ɗaya ne, bambancin tun zamanin bauta aka dasa shi tsakanin bawan cikin gida da na gona. Rapsody ce ta rufe ta, kuma baitinta ya tsaya da ƙafarsa. Duk wanda ya ga yadda 'yan matanmu ke ƙona fatarsu da man bilicin ya san wannan ba ciwon Amurka kaɗai ba ne. Sai dai mace ɗaya tak aka ba baitin gambara a waƙa 16, kuma sharhin da na karanta a lokacin bai tsaya a kan wannan ba.

Baffa Mai Kaset:
Na gode muku duka. Malam Sabo ya rage mini zargi, amma bai kawar da shi ba. Abin da ya dawo da ni kundin ba maki ba ne. Shekarar da abokina ya rasu ina Legas ban samu zuwa asibiti ba, wani dare na kunna waƙar nan ta kundin mai suna u. Mutum ne a ɗakin otal, a buge, murya tana karyewa, kana jin ƙarar kwalba, yana tuhumar kansa don abokinsa na kwance a asibiti shi kuma yana yawon wasa, ta waya kawai ya gan shi. Ban taɓa shan giya ba, amma wannan tuhumar na san ta. Daren nan na kashe waya na yi kuka. Mai sharhin da aka ba kwana uku ya miƙa rubutu, ban san yadda zai kai nan ba sai in shi ma ya taɓa binne wani.

Ɗan Fagge, abu ɗaya nake roƙonka. Ka ji shi sau ɗaya a jere, da iyafis, ba a mota ba.

Ɗan Fagge:
Baffa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Na yi yadda ka ce jiya bayan isha'i. Ra'ayina yana nan, good kid ya fi shi, kuma akwai kusan shida da ba zan sake nema ba. u ta yi mini nauyi, ban iya ƙarasa ta ba. Amma Momma sau uku na maimaita, inda ya koma gida ya tarar duk abin da yake taƙama ya sani ba komai ba ne. Sadiƙ, wa ya yi kiɗan nan? Gangar kamar tana ɗingishi amma ba ta faɗuwa.

Sadiƙ Situdiyo:
Knxwledge ne da Taz Arnold, muryar macen da ke yawo a ƙasa kuma Lalah Hathaway ce. Ɗingishin da gangan ne, ba ya barin kwamfuta ta daidaita masa bugun. Ka biyo situdiyo ranar Asabar bayan la'asar in nuna maka yadda ake yin sa.